Kula da Motar da Ta Girmi Yaƙin Duniya na Biyu: Tambayoyi da Amsoshi a Kan Ford Model A

Waɗannan tambayoyi ne da mutum kan yi idan tsohuwar mota ta kafin Yaƙin Duniya na Biyu ta shigo hannunsa, ko kuma yana shirin sayen ta. Na tsaya a kan Ford Model A domin tana cikin motocin wancan zamani da suka fi yawa a raye har yau, kuma akasarin abin da za a faɗa a kanta ya shafi takwarorinta irin su Austin Seven ta Ingila.

Wace mota ake kira ta kafin yaƙi?

A Turai ana nufin wadda aka ƙera kafin 1939, shekarar da yaƙin ya ɓarke. A Amurka sukan ja lissafin har farkon 1942, lokacin da masana'antu suka daina ƙera motocin farar hula suka koma kayan soja. Model A ta fito a Disamban 1927, ta gaji Model T, aka ci gaba da ƙera ta har farkon 1932, kuma adadin da aka yi ya haura miliyan 4.8. Injinta mai silinda huɗu ne, lita 3.3, ƙarfin doki 40, giya uku da ribas. Har Tarayyar Sobiyet ta ƙera irinta da izinin Ford daga 1932, da sunan GAZ-A.

Me ya bambanta kula da ita da kula da motar zamani?

Motar zamani an rufe mata kusan komai, an shafa giris tun daga masana'anta, kwamfuta ce ke daidaita wuta da mai. Model A kuwa an ƙera ta ne da tsammanin mai ita zai riƙa zagaya ta da kansa, da butar mai a hannu ɗaya da sufana a ɗayan. Tana kama da tsohon keken ɗinki mai ƙananan ramukan mai ta ko'ina: in kana ɗiga masa mai a kan kari sai ya kai jikoki, in ka manta da shi sai ya ƙage. Littafin da Ford ke bai wa mai saye ya ce a canja baƙin mai a kuma shafa giris duk bayan mil 500, wato kimanin kilomita 800. Kada ka ɗauki wannan a matsayin tsohon yayi. Injin bai canja ba, don haka buƙatarsa ma tana nan yadda take.

Wuraren giris suna da yawa a ƙarƙashin motar: sandunan sitiyari, ƙusoshin da tayoyin gaba ke juyawa a kansu, ratayen sifirin, famfon ruwa, da sauransu. Akwai kuma ɗan kofin mai a jikin akwatin da ke raba wa fulogai wuta, wanda mutane ke yawan mantawa da shi har sandar ciki ta cinye.

Wane baƙin mai zan zuba?

A nan ne masu waɗannan motoci suka fi gardama. Abin da ya kamata a fara fahimta shi ne yadda mai ke zagayawa a injin. Babu matatar mai ko ɗaya. Famfo yana ɗaga man zuwa ɗakin bawul, daga can sai ya gangaro da nauyinsa zuwa manyan mazaunan karanshaf, sauran sassa kuma fantsamar mai ce ke jiƙa su. Saboda haka duk dattin da ya shiga man, yana nan yana yawo har ranar da aka zubar da shi.

Man zamani yana da sinadarin wanke datti. Idan an buɗe injin an gyara shi kwanan nan, cikinsa fes yake, to man zamani ya fi duk abin da aka samu a 1930 nesa ba kusa ba, kuma ban ga dalilin gudun sa ba. Idan kuwa ba ka san tarihin injin ba, wataƙila akwai laka ta shekara da shekaru kwance a gindinsa. Shawarata ita ce a kwance kaskon mai na ƙasa, a kankare lakar, a wanke ragar famfo, a duba ƙananan hanyoyin da mai ke bi, sannan a zuba sabo. Yana cin kusan lita 4.7 idan an kwance kaskon gaba ɗaya.

Giyabos da aksul na baya da akwatin sitiyari suna son mai mai kauri ƙwarai, wanda masu sayar da kayanta ke kira 600W. In ka zuba musu siririn man giya na yau, zai riƙa yoyo ta ko'ina, sa giya kuma ya ƙara wuya.

Ina jin ana maganar babit. Mene ne shi, kuma me ya sa ake tsoron lalacewarsa?

Babit wani lallausan ƙarfe ne da ake haɗawa daga kuza da tagulla da antimoni, an kuma sa masa sunan Isaac Babbitt, Ba'amurken da ya fito da shi a 1839. A injin zamani, mazaunin karanshaf ɓawo ne da ake cirewa a sa sabo. A Model A narka babit ake yi a zuba shi a jikin injin da kan sandunan fistin, in ya huce a ƙwaƙule shi daidai awo. Masu iya wannan aiki ba su da yawa yanzu ko a Amurka, aikin kuma da tsada.

Abin farin ciki shi ne an sa wasu siraran faifan ƙarfe a tsakanin murfin mazaunin da jikinsa. Idan babit ya ɗan ci, sai a zare faifai ɗaya a ƙara matsewa. Abubuwa uku ne ke kashe shi: ƙarancin mai, gudu mai yawa na dogon lokaci, da tilasta wa mota hawa tudu a giya ta uku tana nishi alhali wuta na zuwa da wuri. Wannan na ƙarshe ya fi ɓarna, domin kowace fashewa a silinda tana sauka ne a kan babit ɗin kai tsaye. Da ka ji wani bugu mai nauyi daga ƙasan inji, ka tsaya a nan. Ci gaba da tafiya shi ke mai da ƙaramin gyara ya zama babba.

Yaya ake tayar da ita?

Akwai sanduna biyu a wuyan sitiyari. Ta hagu ita ke sarrafa lokacin da wuta ke isa fulogi, ta dama kuma totur ce ta hannu. Ka ja birkin hannu, ka tabbata giya na firi, ka buɗe makunnin mai. Ka tura sandar hagu sama har ƙarshe, ka sauko da ta dama kaɗan. Sandar cok tana gefen fasinja, kuma aiki biyu take yi: in ka ja ta cok ce, wato tana rage iskar da ke shiga don inji mai sanyi ya tashi, in ka murɗa ta kana ƙara ko rage man da ke shiga kafireto. Ka murɗa ta kaɗan wajen buɗewa, ka kunna makulli, ka taka sitata da ke ƙasa, ka ja cok na ɗan lokaci ƙanƙane ka saki. Da inji ya kama, sai ka sauko da sandar wuta, wato ta hagu. In ya yi zafi ka rage man.

Tana da hannun tayarwa na gaba ma. Duk wanda zai yi amfani da shi, lallai sandar wuta ta kasance a sama, kada ya naɗe babban yatsa a kan hannun, kuma ya ja sama ne, kada ya danna ƙasa. Idan inji ya yi tutsu ya juyo baya, yana iya karya wuyan hannu, kuma ya karya na mutane da dama a wancan zamani.

Man fetur na yanzu ba zai cutar da ita ba? An ce tsofaffin motoci sai mai mai dalma.

Wannan damuwa ta fi shafar motocin bayan yaƙi. Injin Model A matsinsa kaɗan ne, wato fistin na matse iska da mai ninki kimanin 4.2 kawai, kuma an tsara shi ne a lokacin da man fetur na gama-gari bai kai na yau kyau ba. Kowane man yau ya ishe shi. Matsalar ita ce man da aka gauraya da itanol, kamar yadda ake sayarwa a Amurka da Turai. Yana jan ruwa daga iska, yana sa tanki tsatsa, yana cinye tsohuwar roba, yana kuma lalata ɗan toton da ke yawo a ma'aunin mai. In ya daɗe a ajiye sai ya yi danƙo ya toshe kafireto.

Wani abu da bai kamata a yi wasa da shi ba: tankin man yana gaban direba ne, bayan allon agogo, kuma babu famfon mai, gangarowa yake yi da kansa. Idan ka ajiye mota ba ka rufe makunnin mai ba, kuma bawul ɗin kafireto bai kama da kyau ba, man zai yi ta ɗiga a ƙasa dare ɗaya. Kafireton yana dab da bututun hayaƙi. Rufe makunnin nan ya zama maka al'ada duk lokacin da ka kashe mota.

Tana yawan tafasa. Me zan duba?

Lagireton ba mai matsi ba ne, kuma yana ɗaukar ruwa kusan lita 11. Kafin ka ce tana tafasa, ka tabbata ba cika ta ka yi har baki ba. In an cika, za ta zubar da rarar ta bututun gefe har ruwan ya tsaya inda yake so, wannan ba ciwo ba ne.

Idan tafasar gaske ce, fara da abin da ba ya cin kuɗi. Tuƙi da sandar wuta a sama yana sa inji zafi sosai, haka ma rage mai fiye da kima. Sai fanbel, sai famfon ruwa, wanda ke da notin da ake ɗan matsewa idan ya fara ɗiga. Kada a matse shi da ƙarfi, sandar za ta ci. Bayan wannan sai lagireton kansa, wanda shekaru casa'in na tsatsa da giris sukan toshe masa bututu. Wani lokaci wanki ya isa, wani lokaci sai an sake masa ciki.

Akwai haɗari ɗaya da nake so kowa ya sani. Fankar asali mai fukafuki biyu ce ta ƙarfe, kuma da tsufa takan tsage daga kusa da gindi. Idan fiffike ya ɓalle inji na gudu, yana iya huda lagireto ko murfin inji, ko ya sami wanda ke tsaye a gefe. Ka duba ta da fitila, in ka ga ko alamar tsagewa ka cire ta. Ana ƙera sabbi na alminiyam masu kama da ita sak. Kuma kada ka tsaya daidai saitin fanka kana ba inji wuta.

Shin in mai da wutarta bolt 12?

Ba sai ka yi ba. Motar bolt 6 ce, kuma kan batir mai alamar tarawa shi ake haɗawa da jikin mota, akasin motocin yau. Ka kula da wannan wajen sa batir ko caja. Yawancin masu kukan cewa sitata ba ta da ƙarfi, in an duba sai a tarar wani ya sa mata siraran wayoyin batir na motar zamani. Bolt 6 na buƙatar waya mai kauri sosai da mahaɗai masu tsabta, musamman inda aka ɗaure ta a shasi. Da an gyara wannan, sai ka ga tana tashi ba gardama.

Canji ɗaya da nake goyon baya shi ne sa fis, domin daga masana'anta babu ko ɗaya, ga kuma tsofaffin wayoyi masu rigar zare suna bi ta kusa da tankin mai. Janaretonta kuma ba ya rage caji da kansa idan batir ya cika, da hannu ake matsar da burushi na uku a ƙara ko a rage. Don haka a riƙa duba ruwan batir, wanda ke ɓoye a ƙarƙashin katakon da direba ke taka.

Ta yaya ake saita wuta?

Ford ya sauƙaƙa wannan ƙwarai. A murfin gaban inji akwai wata 'yar ƙusa mai tsini. Ka kwance ta, ka juya ta, ka zura tsinin a ramin, kana juya inji a hankali da hannun tayarwa har ka ji ta faɗa wani ɗan gurbi. A nan fistin na ɗaya yake ƙololuwa, daga nan ake saita sauran. Tazarar bakin kontak, ƙarafan da ke buɗewa da rufewa a cikin akwatin raba wuta, tana tsakanin inci 0.018 da 0.022, wato kusan rabin milimita, ta fulogi kuma inci 0.035. Jerin tashin wuta 1, 2, 4, 3 ne. Kada ka manta ka mayar da ƙusar yadda take kafin ka tayar da inji.

Birkinta abin dogaro ne? Wasu na cewa a sa na ruwa.

Birkin Model A na sanduna ne, a tayoyi huɗu, babu man birki. Mummunan sunan da ya yi, yawanci daga motocin da aka sake su ba gyara ya samo shi. Tsakanin ƙafarka da taya akwai mahaɗai da yawa, kowanne in ya ci kaɗan sai sassaucin ya taru, ka taka birki har ƙasa mota na tafiya. Kuskuren da ake yi shi ne a gajarta sanduna don a ɓoye wannan. Gyaran gaskiya shi ne a sabunta ƙusoshi da zobban da suka ci, sannan a daidaita kowace taya daga notin da ke bayan farantinta. Gangar birki ta asali siririn ƙarfe ce, in ta yi zafi a gangara sai ta buɗe birki ya rage kamu. Mutane da yawa suna musanya ta da ta zubin ƙarfe, kuma wannan canji ne mai ma'ana wanda ba ya ɓata kamannin mota. Idan duk an yi haka, birkin yana iya tsayar da tayoyin cak, ka ga ashe ba a buƙatar na ruwa.

In za ka buɗe tsohuwar gangar birki, ka ɗauka akwai asbesto a ciki. Kada ka hura ƙurar da iska, ka jiƙa ta ka goge, ka rufe hanci.

Giyar na ƙara duk lokacin da na canja. Ta lalace ne?

Da wuya. Giyabos ɗin ba shi da abin da ke daidaita gudun haƙora kamar na yau, direba ne ke yi da ƙafa. Ka taka kuloci ka fito firi, ka saki, ka sake takawa ka shiga giya ta gaba. In saukowa za ka yi, sai ka ɗan ba ta wuta tana firi. Ka canja da wuri, kada ka bari inji ya yi ta ihu. Da sabo kunne zai riƙa gaya maka lokacin.

Nawa ne gudun da ya dace?

Ford ya ce tana kai mil 65 a awa, amma wanda ke son injinsa ya daɗe yakan tsaya wajen mil 45, kusan kilomita 70. Babu bel ɗin kujera, babu fitilar nuna kwana, don haka babbar hanya mai cunkoso ba wurinta ba ne. Tayoyinta masu tif ne, inci 21 a motocin 1928 da 1929, inci 19 a na 1930 da 1931, iskar taya kuma psi 35. Tayar irin wannan mota tsufa ke kashe ta tun kafin zanenta ya cinye, sai a riƙa duba tsagewa a gefe.

Ba na fita da ita kullum. Yaya zan ajiye ta?

Zama wuri ɗaya ya fi tafiya cutar da ita. Mai yana tsiyayewa daga sassa, birki na ƙagewa, fetur na ruɓewa, ɓeraye na shiga kujeru. Ka fita da ita aƙalla sau ɗaya a wata, tafiya ta sosai har komai ya yi zafi. Tayar da ita minti biyar a gareji ya fi barin ta illa, domin gumi kawai zai tara a cikin inji da salansa ba tare da zafin da zai busar da shi ba. In ajiyar mai tsawo ce, ka canja baƙin mai tukuna, ka cire kan batir, ka ɗaga ta a kan matokari, ka rufe ta da yadi mai shan iska. Leda na riƙe laima, fenti ya kumbura.

Za ta iya rayuwa a ƙasa mai zafi da ƙura irin tamu?

Za ta iya, amma da ƙarin kulawa. Ta fito daga masana'anta babu matatar iska, ƙurar hunturu kuwa in ta shiga silinda kankare ta za ta yi. A sa matata, amma irin wadda ba ta tara fetur idan kafireto ya ɗiga. A rage tazarar canjin mai. A lagireto a zuba tataccen ruwa ko na sama, ruwan rijiya na barin ƙanzo a bututu. Sai kuma gara: rufin motocin da ke a rufe katako ne da yadi, masu ƙofa huɗu kuma akwai katako da yawa a cikin bodinsu. Ƙofar da ta fara saukowa ba ta rufuwa daidai, sau da yawa katakon ciki ne ya ruɓe.

In sake mata fenti da kujeru ta koma sabuwa?

Ka yi haƙuri tukuna, ka wanke ta ka zauna da ita 'yan watanni. Fentin asali da yadin asali in an cire su ba sa dawowa, kuma motocin da ba a taɓa su ba su ne masu gyara ke zuwa dubawa don su ga yadda Ford ya yi abinsa. Ƙungiyar tsofaffin motoci ta duniya, FIVA, ta fitar da Yarjejeniyar Turin da ta fara aiki a 2013, wadda ke ƙarfafa adana abin da aka tarar da rubuta duk canjin da aka yi. Idan tsatsa ta ci bodi ko wani ya riga ya lafta mata fenti a baya, to cikakken gyara ya halatta. Ko a nan, ka fara da birki da sitiyari da waya, fenti ya zo ƙarshe. Duk abin da ka cire ka adana shi, ka ɗauki hoto kafin ka kwance.

Ana samun kayan gyara? Wa zan tambaya?

Kusan kowane sashe na Model A ana ƙera sabonsa a yau, sai dai ingancinsu ba ɗaya ba ne, kuma sau da yawa tsohon na asali da aka gyara ya fi sabon zama daidai. Akwai manyan ƙungiyoyi biyu a Amurka, MARC da MAFCA, masu rassa da mujallu da littattafan awo. Kowane Oktoba ana cin babbar kasuwar tsofaffin kaya a Hershey ta jihar Pennsylvania. In za ka yi odar kaya, ka san shekarar motarka, domin an yi ta ƙananan canje-canje a cikin shekaru huɗun nan. Lambar da ke gefen hagu na inji za ta nuna lokacin da aka ƙera shi, amma tana yiwuwa an taɓa musanya injin.

Me zan riƙa ɗauka idan zan fita?

Kondensa da kontak da kwayil, domin zafin bututun hayaƙi na yawan kashe kondensa, kuma ita ce ke tsayar da mutane a hanya fiye da komai. Fanbel, tif, jak, sufanu masu awon inci, ɗan baƙin mai, jarkar ruwa, waya da fis. Na'urar kashe gobara kuma ta kasance a inda hannunka zai kai kana zaune, kada ka tura ta ƙarƙashin kaya a baya.